Farcen Sama'ila Kunne

A Bungudu in ka ce kana neman Malam Sama'ila, sai a tambaye ka wanne, don suna da yawa. In kuwa ka ce Kunne, kowa zai nuna maka gidan da ke gangaren gulbi, mai dogonyaro a ƙofa. Ba don girman kunnuwansa aka laƙaba masa sunan ba, ko da yake, a faɗi gaskiya, ba ƙanana ba ne. Sana'arsa ce ta jawo masa. Shekara talatin da ɗoriya aikinsa ɗaya: ya shiga gonar kankana, ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya saurara, ya ce wannan ta nuna, wannan a bar ta tukuna.

Wanda bai san kankana ba zai ce wannan kuma wace irin sana'a ce. To, kankana ba mangwaro ba ce. Mangwaro ko ɗanye ka tsinko, ka tura shi cikin dusa kwana uku, zai nuna. Ita kuwa ranar da ka raba ta da igiyarta, a yadda take a haka za ta ƙare, ko shekara za ta yi a ɗaki. Ga ta da rufe ciki: ɗanya koriya, nunanniya koriya. Manomi sai ya yi wata uku yana ban ruwa a fadama, ya yanke da kuskuren kwana biyar, ya kai kasuwa a fasa a ga ciki fari fat, ba zaƙi ba daɗi.

Sama'ila yana cewa murya uku kankana ke da ita. Ɗanya tana amsawa kamar busasshiyar ƙwarya. Nunanniya kamar tulu cike da ruwa. Wadda ta zarce kuwa ba ta ma son amsawa, kamar ka daki buhun dusa. Tsakanin ƙwarya da tulun nan akwai muryoyi da yawa da ba su da suna, kuma a nan ne ya fi kowa. In ya gamsu da kankana, sai ya ja mata zane uku kusa da wuya da farcen babban yatsansa na dama. Farcen nan ya bar shi ya yi tsawo, ya yi kauri, ya yi jaja-jaja, yana lallaɓa shi fiye da yadda yake lallaɓa gemunsa. Ko itace ba ya faskarawa da hannun dama saboda shi.

Masu sayar da kankana a kasuwar Gusau suna da al'ada. In mai saye ya yi shakka, sai a yanka mata 'yar taga, a zaro, a nuna masa ja. Amma wadda aka buɗe wa taga in ba a saye ta a ranar ba, ta lalace ke nan. Mai zane uku kaɗai ba a taɓawa da wuƙa. Dillali zai juya ta ya nuna maka zanen, ya ce, “Ta Kunne ce,” magana ta ƙare. Sama'ila bai tara dukiya da wannan ba, gidansa na ƙasa ne har yau. Abin da ya tara shi ne wannan magana, kuma yana ji da ita ƙwarai. Har yakan yi wa masu duba alamun waje dariya, waɗanda ke duba ɗan murɗaɗɗen zaren da ke kusa da wuyan kankana ko ya bushe, ko su juya ta su ga gefen da ya kwanta a ƙasa ya yi rawaya. Yakan ce tun da aka kawo sabon iri da injin ban ruwa zaren nan ya koyi ƙarya, rana biyu ba ruwa sai ya bushe alhali ciki ɗanye shar.

Sai dai kankana ta rani ce, ciki kuwa ba ya jiran rani. Daga saukar ruwa zuwa kaka Sama'ila yakan koma wurin Sahabi, yayan matarsa Hanatu, mai injin niƙa a bakin kasuwa. Damina goma sha huɗu ya yi a tsaye kusa da injin nan, daga hantsi zuwa la'asar, yana zuba dawa yana tarar gari, cikin ƙarar da ko zagi aka yi maka sai ka ce na gode. Ba wanda ya taɓa ce masa ya toshe kunne da auduga. Shi ma bai taɓa kawowa a ransa ba cewa injin da ke ciyar da gidansa da damina yana cinye abin da ke ciyar da shi da rani.

Abin ya soma da kukan gyare. Ya ji gyare a ɗaki, ya ɗaga tabarma, ya kawar da randa, bai ga komai ba. Ya fita gona da tsakar rana, gyaren na biye da shi. Daga nan kiran sallar azahar ya fara wuce shi. Hanatu ce ta fara lura, kuma ba ta ce uffan ba. Ta dai koma in lokacin salla ya yi sai ta zo ta aje buta a gabansa. In za ta yi masa magana sai ta zagayo ta fuskance shi, ta buɗe baki sosai, kamar dai haka take magana tun asali. Shi kuma ya karɓi wannan kara ya yi shiru, suka zauna a haka kusan shekara biyu, kowa ya san kowa ya sani.

A gona ya ci gaba da aiki. Yana ɗan ji har yanzu, in ya manna kunnen hagu ya ƙwanƙwasa da ƙarfi, yakan rabe ƙwarya da tulu. Muryoyin tsakiya ne suka tafi. Inda kunne ya gaza sai ya saci kallon zaren nan da ya sha yi wa ba'a, ya ja zanensa uku yana istigfari a zuci.

A ranin 1998 ya shiga Gusau sayen takalmin roba, ƙafarsa ta kai shi layin 'yan kankana kamar yadda ta saba. A rumfar wani dillali mai suna Usman ya hango wata babba a gefe, ya gane zanensa tun daga nesa. Da ya matso sai ya ga taga a jikinta, dab da zanen. Cikin ma ba ja ba ne, ɗan hoda-hoda ne kamar leɓen maras lafiya. Usman na ganinsa ya jawo buhu ya rufe ta, ya taso da fara'ar da ta wuce kima, yana ta gaisuwa yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sama'ila ya amsa abin da ya ji da abin da bai ji ba. Bai sayi takalmin ba. Tun daga Gusau har Bungudu yana zaune a bas hannunsa na dama cikin aljihu, kunya ta ishe shi kamar an kama shi da kayan wani.

Bayan sati biyu abokinsa Mas'udu ya zo masa da labari. Tare suka tashi, tare aka yi musu kaciya, kuma babu ranin da Mas'udu ya yanke kankana ba tare da Kunne ya shiga gonarsa ba. Shi mutum ne mai babbar murya, ko sirri zai faɗa sai maƙwabta sun ji, shi ya sa har lokacin Sama'ila yana jin rabin maganarsa. Ya dawo daga wani taron manoma a garin Wanke, ya zauna a gindin dogonyaro yana dariya.

“Kunne, an kawo magajinka! Wani malamin gona, Tajuddeen, yac ce akwai na'ura da anka kawo musu. Ita ka hwaɗin kankana ta nuna ko ba ta nuna ba, da lamba. Babu ƙwanƙwasawa, ido kawai za ka sa.”

Sama'ila ya yi dariya shi ma, ya ce to a kawo ta su gwada. Amma kalma ɗaya ta tsaya masa a rai. Ido! Idonsa garau yake, shi ke zura wa Hanatu zare a allura. Tun daga ranar ya gina wa na'urar nan ɗaki a ransa. Ya ƙiyasta ta 'yar ƙarama ce, za ta shiga aljihun 'yar shara. Zai durƙusa kamar kullum, ya juya wa mutane baya, ya ƙwanƙwasa don idon jama'a, ya ɗora ta a jikin kankana, ya duba lamba, ya ja zanensa. Ba wanda zai sani. Ya san akwai ha'inci a cikin wannan tunani, amma ya gaya wa kansa ai kankanar za ta fito ja, wa aka cuta?

Sau uku ya je Gusau neman Malam Tajuddeen. Lokacin jihar sabuwa ce, ofisoshi ba su gama zama ba, tebura a baranda, takardu a ɗaure da igiya a ƙasa. Zuwan farko aka ce malamin ya fita rangadi. Na biyu wani mutum ya yi masa dogon bayani cikin ladabi da ƙaramar murya, Sama'ila ya yi ta gyaɗa kai, ya yi godiya, ya fito bai ji ko kalma ɗaya ba. Damina ta zo, ya koma injin Sahabi, don ba yadda zai yi. Ya soma cusa auduga a kunne, amma a lokacin ba sauran abin karewa da yawa. Zuwa na uku, bayan kaka, wani masinja ya gane matsalarsa, ya kama kafaɗarsa ya yi masa ihu a kunne: “Tsafe! An mai da shi Tsafe, da shi da na'urar!”

A ranin 1999 Mas'udu ya shuka kankanar da bai taɓa shuka irinta ba, fadamarsa duka, har da ta ƙanensa. Ya shirya da wasu 'yan kasuwa za su kawo babbar mota ran Juma'a su kwasa zuwa kudu, kuma sharaɗinsu mai zane uku suke so. Ya ce wa Sama'ila ya shigo gona ran Alhamis da hantsi. Sama'ila ya ce Allah shi kai mu. A lokacin ko ya manna kunnen hagu, abin da yake ji bai wuce motsi can nesa ba, kamar ana daka a wata unguwa.

Ran Talata ya yanko kankana ɗaya daga 'yan kunyoyin da yake shukawa a bayan gida, ya naɗe ta a tsohon zanen Hanatu. Ta tsaya a gabansa ta ce, “Malam, ina za ka da ita?” Ya ce Tsafe. Ta dube shi, ta dubi kankanar, ta ce, “Allah shi sa a dace.” Ya hau bas zuwa Gusau, ya sake wata zuwa Tsafe, kankanar na kan cinyarsa, yatsansa na ta ƙwanƙwasa ta ba da saninsa ba, har na kusa da shi ya gaji ya matsa. A Tsafe aka ce malamin yana garin 'Yandoto wurin manoma. Ya hau kabu-kabu ya bi shi.

Ya same shi a gindin tsamiya, mutum mai furfura jefi-jefi da tabarau, manoma kamar goma sha biyar zaune a gabansa. Da taro ya watse Sama'ila ya matsa ya gaishe shi, ya faɗi sunansa. Malam Tajuddeen ya miƙe tsaye ya kama hannunsa da hannu biyu, ya juya babban yatsan yana kallon farcen yana murmushi. Ashe ya san labarinsa. Wannan girmamawa ta sa Sama'ila ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Hanatu.

“Ranka shi daɗe, ka ɗaga murya. Ba ni ji. Na'urar nan niz zo gani.”

Malamin ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan akwati baƙi. Na'urar tana kwance a ciki, kamar ƙaramar tocila, gefe ɗaya wurin sa ido, ɗaya gefen ɗan gilashi a karkace da murfi. Daidai aljihun 'yar shara. Sama'ila ya kwance zanen ya tura kankanar gaba.

Malam Tajuddeen ya sa hannu a jaka ya fito da wuƙa.

Sama'ila yana kallo aka soka wuƙar, aka yanka taga, aka zaro. Malamin ya matse ɗan yankin, ruwa ya ɗiga a kan gilashin, ya rufe murfin, ya ɗaga na'urar wajen haske ya kanne ido ɗaya. Sannan ya miƙa masa ya nuna masa yadda zai duba. A ciki akwai ɗan da'ira, sama shuɗi, ƙasa fari, da lambobi a jere kamar na ma'aunin tela.

“Goma sha ɗaya!” malamin ya faɗa da ƙarfi, yana nunawa da yatsu. “Ta nuna, Baba! Zaƙinta ya kai!”

Sama'ila ya sauke na'urar a hankali. Ya dubi tagar, ja wur, ruwa na bin jikin kankanar yana ɗiga a zanen Hanatu.

“Sai an yanka?”

“Sai an yanka. Ruwan take aunawa.”

“Ba ta gani daga waje?”

Malamin ya girgiza kai. Ya ƙara wani bayani, wataƙila cewa a wasu ƙasashe ana ƙoƙarin ƙera mai yin haka, wataƙila wani abu dabam. Sama'ila bai ji ba, bai kuma nemi a maimaita ba. Shekara guda yana bin abin da harshen kowa zai iya yi. Ya yi godiya, ya bar musu kankanar su sha, ya ninke zanen ya sa a hammata. Da ya isa gida da la'asar Hanatu ta karɓi zanen, ta ga ɗigon jan ruwa a jiki, ta kai shi wurin wanki ba ta tambayi komai ba.

Ran Alhamis ya tafi gonar, don ya riga ya amsa. Kankana ce kwance iya ganinka, koriya shar cikin yaɗo, ta fi ɗari shida. Mas'udu na tsaye a bakin kunya da 'yan ƙwadago biyar, kowa da wuƙarsa, suna jiran su bi bayan zane. Sama'ila ya yi bisimilla ya durƙusa gaban ta farko. Ya ƙwanƙwasa. Ya manna kunnen hagu ya sake. Ya juya na dama. Gyare ne kawai ke kuka. Ya matsa ta biyu, ta uku, ta goma. A ta goma sha ɗaya ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗora haɓarsa a kanta ya cije haƙora ya ƙwanƙwasa, sai ya ji bugun ya ratsa ƙashin muƙamuƙinsa. Ransa ya yi fari na ɗan lokaci. Ya gwada ta gaba, ya gwada wata ƙarama da ko makaho ya san ɗanya ce. Duk bugu ɗaya ne.

Zaren wuyansu kuwa duk ya bushe, don Mas'udu ya tsai da ruwa tun kwana huɗu. Da zai ja zane yanzu ba wanda zai hana shi. Ya ɗora farcen a wuyan wata babba, ya daɗe a haka. Ya tuna buhun da Usman ya ja. Ya tuna wata uku da Mas'udu ya yi yana jan tiyo a fadamar nan har bayansa ya ƙage. Sai ya ɗauke hannunsa, ya ɗaga kai ya ce a ba shi wuƙa.

'Yan ƙwadagon suka dubi juna. Mas'udu da kansa ya miƙa masa tasa. Sama'ila Kunne ya yanka taga, karo na farko a rayuwarsa, kuma bai iya ba, ta fito a karkace. Ya sa a baki ya tauna.

“Wagga ta nuna,” ya ce.

Mas'udu ya dubi gonar tun daga nan har bakin gulbi. Wannan karon bai ɗaga murya ba, amma Sama'ila ya karanta a leɓensa.

“To sauran hwa?”

“Ban sani ba, Mas'udu. Ba ni ji. Na daɗe ba ni ji.”

Mas'udu ya durƙusa kusa da shi ya dafa gwiwarsa. Idonsa ya kawo ruwa, kuma babu mamaki a fuskarsa ko kaɗan. Wannan rashin mamakin ya fi komai yi wa Sama'ila ciwo. Ya mayar da wuƙar, ya kakkaɓe ƙasa daga gwiwoyinsa, ya bi ta tsakanin kunyoyi ya fita, yana ɗaga ƙafa kada ya taka yaɗo.

Mota ba ta jira. Aka yanke da duban zare da rawayar gefen ƙasa, 'yan kasuwan suka kwasa suna ƙunƙuni. Bayan kwana goma labari ya dawo daga kudu cewa kusan kashi ɗaya cikin uku fari ne, kuma ba za su sake zuwa Bungudu ba. Ba wanda ya ɗora wa Sama'ila laifi, tun da babu zanensa a jikin ko ɗaya. Ba wanda ma ya ambaci sunansa. Sauran manoman fadama suka yanke tasu a satin, ba wanda ya aiko kiransa. Sahabi ne kawai ya aiko cewa in ruwa ya sauka wurinsa na nan, ai yanzu ma ya fi kowa dacewa da injin, tun da ƙara ba ta damunsa. Da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Wata Asabar da hantsi Sama'ila ya ce wa Hanatu ta ɗumama ruwa ta kawo reza. Ta ɗauka aski yake so, sai ta ga ya tsoma babban yatsansa a cikin kwanon. Ta zagayo gabansa.

“Malam, ka bari mana. Mi yat tsare maka?”

“Itace nika son in riƙa faskara miki,” ya ce.

Ta zauna ta ɗora hannunsa a cinyarta. Farcen ya yi tauri, ko da ya jiƙa sai da ta yi ta gurzawa kaɗan-kaɗan, tana tsayawa tana share ido da gefen mayafi. Shi yana kallon dogonyaro ta saman katanga. Daga ƙarshe ya ji hannunsa ya yi sakayau. Ya duba, ga farcen a cikin kwanon silba da ta aje a ƙasa, ya lanƙwashe kamar ɓawon gyaɗa.

“Ya yi ƙara da yaf faɗi?” ya tambaye ta.

“Awo,” ta ce. Sai ta tuna, ta ɗaga fuska ta gyaɗa masa kai don ya gani.